Kwanon Mabel

A garinmu Keldby idan feret ɗin mutum ya mutu, ba mai tambayar abin da ya kashe shi. Sai a ce, "Ai dama ba sa daɗewa," a ɗauko shebur. Da wannan magana na tashi, ina jin ta a bakin maza masu furfura, mutanen da za su hango tunkiya daga ƙetaren kwari su gaya maka ƙafar da take ɗingishi da ita, amma ba su taɓa buɗe bakin dabbar da suke yawo da ita a aljihun kwat sun duba ba.

Ernest Raistrick ma abin da ya faɗa ke nan ranar da ya binne Bracken. Gidanmu yana kallon lambunsa, don haka tun ina ƙarami na san feret ɗinsa, 'yan dabbobin nan masu dogon jiki kamar tunku, da ake zurawa cikin ramin zomaye su koro su waje su faɗa raga. Biyu suka rage masa, Bracken da Mabel. Yanzu Mabel ce kaɗai, fara sol mai jajayen idanu.

A ƙarƙashin bishiyar tuffa ya haƙa ramin. Jikarsa Bryony ce ta riƙe masa buhun da gawar take ciki. Ta zo hutun ƙarshen mako daga Leeds, inda take koyon aikin jinyar dabbobi. Maƙwabcinsa Clifford Metcalfe, abokin farautarsa tun suna samari, ya jingina da katangar duwatsu yana kallo, hannuwa a aljihu.

Da Ernest ya mayar da ƙasa, sai ya ɗora wani faffaɗan dutse da ya ɗauko daga rafi. Akwai irinsa da yawa a wurin. Sun jeru tun daga gindin bishiyar har kusa da katanga, wasu gansakuka ya rufe su.

"Shekarunsa nawa, Kaka?" in ji Bryony.

"Huɗu, ko da 'yar ɗoriya. Ya yi ƙoƙari."

"Ƙoƙari?"

"Ai ba sa daɗewa, 'yar nan."

Bryony ta dubi jerin duwatsun. Ta bi shi zuwa rumfar da akurkin feret ɗin yake, don lokacin abincin Mabel ya yi. Ernest ya ɗauko tsohon kwanon ƙarfe wanda gefensa ya lotse, ya marmasa burodi a ciki, ya zuba madara mai ɗumi, ya barbaɗa sukari. Sannan ya ƙwanƙwasa cokali a bakin kwanon. Nan take Mabel ta fito daga hannun tsohuwar suwaitarsa da take kwana a ciki, tana miƙa, tana rawar jiki. Haka ubansa ya ciyar da nasa, haka kakansa, haka kowane gida a Keldby.

Bryony ta riga kwanon isa. Ta ɗaga Mabel ta fatar wuya, ta sa ɗan yatsa ta buɗe mata baki, ta juyo da ita wajen haske.

"Duba nan, Kaka. A'a, kada ka kau da kai, duba."

Haƙoran sun yi ruwan ƙasa. Dasashin ya kumbura ya yi jawur. Ta nuna masa lungun akurkin inda Mabel take kashi, duk ruwa ne, kore-kore.

"Ai haka kashinsu yake," in ji Ernest.

"Ba haka yake ba. Zawo ne. Zawo take yi tun ranar da ka kawo ta gidan nan. Wannan dabba nama take ci, cikinta bai san burodi ba, madara kuwa wanke ta take yi. A asibitinmu na ga masu ninkin shekarun Bracken suna tsalle-tsalle."

"To, likita ta iso," in ji Clifford daga bakin ƙofa. "Ernest, cire hula. Yarinya, ubana da burodi ya ciyar da nasa, ban taɓa jin sun kai shi ƙara ba."

"Matattu ba sa kai ƙara, Baba Clifford."

"Ji baki! To bari in gaya miki abin da ba a rubuta a littafinku ba. Ki ba feret nama, ya ɗanɗani jini, sai ya kashe zomo a cikin rami ya kwanta a kansa ya yi barci. Ke za ki zo ki wuni kina haƙa a cikin sanyi?"

Wannan ita ce hujjar Keldby gaba ɗaya, kuma ban taɓa jin wanda ya gwada ta ba. An ji daga uba, an miƙa wa ɗa, kamar tsohon agogon da ya tsaya amma ba mai sauke shi daga bango.

Bryony ba ta ko kalli Clifford ba. Ranta ya ɓaci. Ta nuna bishiyar tuffa ta ƙofar rumfar.

"Duk duwatsun can, Kaka, ba ajali ne ya jera su ba. Kwanon nan ne."

Clifford ya daina dariya. Ernest ya dubi kwanon da ke hannunsa, ya dubi duwatsun. Bai yi musu ba, kuma duk wanda ya san shi ya san wannan ba halinsa ba ne.

Da yamma, a bakin ƙofar lambu, tana saɓa jakarta za ta tari mota, Bryony ta ce, "A hankali za ka sauya mata, ka ji? Ka riƙa cuɗa naman kaɗan-kaɗan a cikin abin da ta saba." Ernest ya gyaɗa kai. Idonsa yana kan duwatsun. Kunnensa bai ɗauki komai ba bayan maganar da ta faɗa masa a rumfa.

Washegari da safe ya tuntsurar da madarar da ke gidan a rariya. Ya tare mai kawo madara a bakin hanya, ya ce daga yau kada ya ƙara ajiye masa kwalba.

"Shayin fa, dattijo?"

"Baƙi zan sha."

Burodin ya kai wa agwagin rafi. Kwanon ƙarfen kuwa ya ajiye shi a ƙasa ya take da takalmi har ya baje, ya jefa a shara. Sannan ya ciro zomo daga firji, ya yanko wurin da ya fi taushi, ya jera a faranti mai kyau daga cikin na baƙi, ya kai wa Mabel.

Ta fito ta shinshina. Ta zagaya farantin. Ta ɗago kai ta dube shi, ta leƙa bayan hannunsa tana neman kwanonta.

Ernest ya rufe ƙofar akurkin da sauri ya fita.

Akwai abin da Bryony ta sani, shi bai sani ba. Feret tun yana ƙarami yake koyon abin da ake kira abinci, kuma abin da bai koya a lokacin ba da wuya ya yarda abin ci ne, ko da yunwa za ta kashe shi. Mabel ta koro zomaye ba adadi daga ramukan kwarin nan, ba ta taɓa sanin abincinta take kora ba. Abin da Ernest ya sani shi ne abin da ubansa ya koya masa: ba a ba feret abinci safiyar farauta, in kuma ya ƙi abu sai a ƙyale shi, yunwa za ta saukar masa da kai. Ya jefar da al'ada ɗaya a shara, ya kama wata hannu bibbiyu, bai ma lura daga gida ɗaya suka fito ba.

Da la'asar ya leƙa. Farantin wayam. Ya tsaya yana kallonsa, ya ji wani nauyi ya ɗan sauka daga ƙirjinsa. Ya shiga gida ya buga wa Bryony waya.

"Ta share farantin tas."

"Da gaske? Tun yau? Ka cuɗa mata da—"

"Na ce miki ta share. Ko tsoka ɗaya ba ta bari ba."

Bryony tana tsakiyar aiki, ana kiran sunanta daga wani ɗaki. Ta yi ɗan jim. Sannan ta ce, "Kai, madalla. Kaka, ka yi haƙuri da yadda na yi maka magana jiya."

"Gaskiya kika faɗa," in ji shi, ya ajiye wayar.

A da, kowace safiya bayan Mabel ta ci, yakan ɗauke ta ya sa a cikin kwat ɗinsa, su tafi tare har bakin ƙofar lambu su dawo, kanta yana leƙowa ta tsakanin maɓallai. Yara masu tafiya makaranta sukan tsaya su gaishe ta. A makon nan bai ɗauke ta ba ko sau ɗaya. Ba ya iya haɗa ido da ita. In ya ga farar fuskar nan, haƙoran yake gani, sai kuma sauran su biyo baya ɗaya bayan ɗaya: Nell, da Tuppence mai gutsurarriyar jela, da wanda ya mutu a hannunsa yana makyarkyata, shi kuwa yana shafa shi yana cewa tsufa ne. Sai ya tura farantin ta ƙofa, ya juya, ya dawo da la'asar ya ɗauke shi wayam.

In yana juya shayinsa a kicin, cokali ya taɓa kofi, sai ya jiyo ta daga rumfa tana yagar wayar akurki da farce. Ya daina sa sukari don kada ya juya. Bayan 'yan kwanaki, da cokali ya suɓuce masa ya faɗa kan faranti, ya kasa kunne, bai ji komai ba. Ya ce wa kansa ta saba ke nan.

Ranar Asabar da hantsi Clifford ya shigo lambun da ragogi a kafaɗa da akwatin feret ɗinsa. Raɓa ta daskare a kan ciyawa. Wani manomi a saman kwari ya kira su, zomaye sun rarake masa gindin katanga.

"Kai tsoho, ka mutu ne? Fito da gimbiyarka mu tafi. Na zo da shebur biyu, tunda yanzu 'yar nama ce, yau akwai haƙa."

"Rufe mana baki. Kai ko zomon roba aka ba ka sai ya tsere maka."

Ernest ya buɗe akurkin, ya yi mata 'yar tsotsar leɓen da yake kiranta da ita. Shiru. Ya sake. Sai a lokacin hancinsa ya gaya masa abin da ya kwana biyu yana ƙin ji. Ya zura hannu can cikin ɗakin kwananta ya jawo suwaitar. Hannun rigar ɗaya ya yi nauyi. Ya girgiza shi.

Naman ya zubo a ƙasa. Na Litinin, na Talata, duka, wani ya yi kore, wani ya yi yauƙi. Ba tsokar da aka gutsura. Sai 'yan huji bibbiyu a kowace, inda ta kama da haƙori ta ja ta kai ma'ajiya, kamar yadda takan sace masa safar hannu ko murfin kwalba ta ɓoye.

Mabel tana cikin ɗaya hannun rigar. Da ya zaro ta, sai ya ji kamar safa ya ɗauka babu ƙafa a ciki. Gashinta na lokacin sanyi ne ya rufe ramar. Ƙashin bayanta yana sukar tafin hannunsa, ƙafafun baya sun saki, yawu ya jiƙa mata haɓa. Idonta a buɗe, amma ba shi take kallo ba.

"Wayyo, Ernest," in ji Clifford a hankali. Ya sauke ragogin.

Ernest ya sa ta cikin kwat ɗinsa ya nufi kicin, yana tuntuɓe da matakala. Ya ɗauki waya ya danna lambar Bryony.

"Ba ta ci ba," ya ce. "Ɓoyewa take yi. Ba ta ci komai ba, Bryony."

Ya ji ta ja numfashi. "Tana motsi?"

"Kaɗan."

"Akwai zuma? Lakato kaɗan ka shafa mata a dasashi, kada ka ɗura. In ta farfaɗo har ta iya lasa, ka ba ta burodi da madara. Yanzu-yanzu."

"Kin ce shi ne yake kashe su."

"Yunwa ta fi shi sauri, Kaka. Ba ta abin da ta sani. Zan ari mota, ga ni nan, daga nan mu wuce wurin likita."

Ya shafa zumar. Sannan ya buɗe kwabar burodi, ya buɗe firji, kamar bai san abin da ya yi da hannunsa ba. Ya juyo. Clifford yana tsaye a bakin ƙofa, ya ji komai.

"Cliff," in ji Ernest.

Clifford bai jira ba. Ya haura katanga kamar ba shi ne mai ciwon gwiwa ba, ya dawo da rabin burodi da kwalbar madara da nasa kwanon ƙarfen. A yi masa adalci, da gudu ya je da gudu ya dawo. Amma da yake ajiye kayan a kan tebur, gefen bakinsa yana motsi, ya kasa riƙewa.

"Ba zan ce komai ba," in ji shi.

"To kada ka ce."

"Ai ban ce ba."

Hannuwan Ernest suka yi aikin da kansu. Suka ɗumama madarar daidai yadda suka saba, suka marmasa burodin, suka barbaɗa sukari. Yana kallonsu kamar hannuwan wani. Ya kai kwanon gaban hancin Mabel. Ba ta motsa ba. Ya tsoma yatsa ya taɓa mata leɓe, madarar ta gangara ta haɓa ta ɗiga a kan wandonsa.

"Haba, 'yar tsohuwa," ya ce. "Haba."

Sai ya ɗauki cokali. Ya daɗe yana riƙe da shi. Sannan ya ƙwanƙwasa bakin kwanon.

Kunnenta ya motsa. Hancin ya ɗago yana laluben iska. Da ya sake kai yatsan, wani ɗan harshe mai kaushi ya fito ya lasa, ya koma, ya sake fitowa. Ernest ya sunkuyar da kai har hularsa ta rufe masa fuska, ya ci gaba da tsoma yatsa yana miƙa mata abin da ya rantse ba zai ƙara ba ta ba.

Bryony ta iso da azahar. Suka kai Mabel wurin likitan dabbobi a garin da muke cin kasuwa, aka yi mata ƙarin ruwa ta ƙarƙashin fata, aka ce in ta yi ƙarfi akwai haƙoran da sai an cire. A hanyar dawowa Bryony tana tuƙi, Ernest yana rungume da kwat ɗinsa.

"Na ce maka a hankali, Kaka. A bakin ƙofa na gaya maka."

"Ban ji ba."

Sai da suka wuce gada ta ce, "Da ka ce ta share faranti, na san da wuya. Na so ya zama gaskiya ne, shi ya sa ban ƙara tambaya ba."

"Ba ke ce mai zuwa rumfar safe da yamma ba," in ji shi. "Da na ɗaga ta sau ɗaya, da na sani. Kunyarta nake ji. Ina can ina jin kunya, ita tana nan tana jin yunwa."

Daga nan aikin ya koma na haƙuri, kuma ba shi da daɗin kallo. Bryony ta nuna masa kafin ta koma. A dafa zomo ya yi luguf, a markaɗa shi da romonsa ya zama kamar kunu. A ɗebi abin da bai wuce kan cokali ba a cuɗa cikin burodi da madarar. In ta sha, gobe a ƙara ɗan kaɗan. In ta ƙi, a koma baya.

Ta ƙi sau da yawa. Ran da Ernest ya yi gaggawa ya ƙara da yawa, sai ta shinshina, ta girgiza kai, ta goge bakinta a ciyawa kamar an zage ta. Shi kuma ya zubar ya sake haɗawa. Wani lokaci ya shafa mata ɗigo a kan hanci, dole ta lashe, ta yi ta harararsa. Ya kifa bokiti a rumfar, nan yake zama cikin sanyi har ta gama, don yanzu ba ya yarda da faranti wayam. Sai ya ga abin ya shiga bakinta da idonsa. Kowace safiya ya ɗaga ta ya auna nauyinta a tafin hannu, ya zura hannu cikin hannayen suwaitar biyu ya laluba. A hankali romo ya maye gurbin madara. Sukari ya tafi. Burodin ya yi ta raguwa. Amma kullum sai ya marmasa ɗan guntu, kuma kullum in yana marmasawa ba ya kallon bishiyar tuffa.

Ana cikin haka labari ya zaga Keldby, kuma ba sai na faɗi wanda ya kai shi mashaya ba. Kafin a ce me, ya samu siffar da garin yake so: 'yar boko ta zo da littafinta ta kusa kashe Mabel, burodi da madara suka cece ta. Har yau haka ake ba da shi. Ba mai maganar haƙoran. Ba mai maganar duwatsun, alhali kusan kowane lambu a garin akwai irinsu. An samu labarin da zai bar kowa ya ci gaba da abin da yake yi, an rungume shi, an sake cika kofuna. Wannan shi ne abin da yake ƙona min rai da garinmu: ko gaskiya ta faɗo mana a tsakar gida, sai mun juya ta har ta zama shaidar cewa dama mu ne daidai.

Wata ranar Lahadi Ernest yana zaune a mashayar aka sake ɗauko zancen. Ya ajiye kofinsa.

"Ba yarinyar ba ce," ya ce. "Ta gaya min yadda zan yi. Ni ne na kusa kashe ta. Sauran kuwa ba kusa ba ne, na kashe su."

Sai wani ya dafa masa kafaɗa. "Haba Ernest, kada ka ɗora wa kanka. Ba wanda ya kai ka kula da dabba a kwarin nan." Wani ya ce a ƙaro masa kofi. Suka yafe masa nan take, da zuciya ɗaya, don in ba su yafe masa ba sai su koma gida su buɗe bakin nasu feret ɗin. Ernest ya bar kofin a cike ya fita.

Sanyi ya fara sassautawa, tumaki sun fara haihuwa a saman kwari. An cire wa Mabel haƙoran da suka ruɓe. Ta yi nauyi a hannu, gashinta ya yi sheƙi irin wanda Ernest bai taɓa gani a jikin feret ɗinsa ba, kuma wannan ma ciwo ne a wurinsa. Kunun naman take sha yanzu zalla. Abin da ya rage shi ne ta tauna tsoka da kanta.

Wata safiya ya fito da ita bakin rumfa, ya zauna a kan bokitinsa, ita tana kan cinyarsa. Ya yanko hantar zomo ɗanya, 'yar mitsitsiya, ya ɗora a kan yatsa. Ya sha yin haka tana kau da kai. Yau ta shinshina, ta kama, ta juya za ta nufi cikin kwat ɗinsa da ita. Sai ta tsaya. Ta karkatar da kai gefe, wajen da sauran haƙoranta suke, ta fara taunawa, ido a lumshe, kamar mai ƙoƙarin tuna wani abu. Ta haɗiye. Ta lashe baki.

Ernest bai motsa ba, ko numfashi mai ƙarfi bai yi ba.

"Lallai, gimbiya ta zama kura," in ji Clifford. Ya daɗe a jingine da katanga yana kallo, yana cin burodinsa na safe. Ya shigo lambun, ya gutsuro ɓawon burodin, ya miƙo. "Bari mu tambaye ta da kanta."

Mabel ta miƙe tsaye a kan cinyar Ernest. Duk jikinta ya tafi wajen burodin, tana rawa, tana tattaka iska da ƙafafun gaba.

"Ka gani?" in ji Clifford yana dariya. "Duk wahalar nan da ka sha, har yanzu burodinta take so."

Ernest ya sa tafin hannu ya tare tsakaninsu.

"Na sani," ya ce. "Ni na koya mata."

Clifford ya janye hannunsa. Ya dubi ɓawon da ke hannunsa, ya jefa shi cikin nasa bakin.

Ernest ya yanko wata hantar ya ɗora a yatsa. Mabel ta ci gaba da kallon wurin da burodin ya ɓace, ta daɗe tana kallo. Shi kuwa ya riƙe yatsan a gabanta, bai janye ba, har ta juyo ta karɓa.